Daga Tafkin Madarunfa zuwa Fadar Maraɗi: Abin da na gani a tafiyar yini guda

Ƙarfe shida da rabi na safiyar wata Juma'a ta farkon hunturu, ina tsaye a bakin Tafkin Madarunfa, hannuwana cikin aljihu saboda sanyi. Masunta suna turo kwale-kwalensu zuwa gaɓa ɗaya bayan ɗaya, mata masu sarin kifi kuma sun riga sun jeru da robobinsu suna jira. Kafin rana ta fito sosai ciniki ya kankama, ana taya tarwaɗa da karfasa, ana cewa albarka, ana sallamawa.

Na kwana a garin ne a gidan wani abokina da muka yi makaranta tare, da niyyar in yi wata tafiya da na daɗe ina ɗagawa: in tashi daga bakin tafki, in ziyarci kaburburan waliyyai, in ratsa lambunan Jiratawa, in shiga babbar kasuwar Maraɗi a ranar cinta, in ƙare a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, sannan in dawo kafin magariba.

Tsakanin Madarunfa da Maraɗi kilomita 20 ne da 'yan kai. Tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba, amma a cikinta akwai tarihin shekara fiye da 200, akwai kasuwancin da ke ciyar da ƙasashe biyu, akwai kuma matsalolin da suka sa matasan yankin da yawa suka san hanyar Agadas da Libiya da Legas fiye da yadda suka san abin da ke ƙofar gidansu.

Tafkin da ke ciyar da gari

Tafkin Madarunfa shi ne ruwa mafi muhimmanci a Jihar Maraɗi. Idan damina ta yi kyau yana malala ya kai faɗin kimanin hekta 800, sannan ya riƙa janyewa sannu a hankali har zuwa bazara. Ruwansa na zuwa ne daga Gulbin Gabi da kuma Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya biyo ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa Gulbin Rima.

Wannan janyewar ruwa ita ce arzikin garin. Duk inda ruwa ya bari, manoma na bin sa da shuka. A zagayen da na yi da ƙafa na ga fadamun tumatir da albasa da barkono da dankali, ga makiyaya na koro shanu zuwa mashaya, ga masu yin bulo suna kwaɓa ƙasa a gefe. A can tsakiyar ruwa kuma tsuntsaye ne birjik, belbela da agwagin ruwa da wasu baƙi da ke tasowa tun daga Turai idan sanyi ya kore su. Saboda waɗannan tsuntsaye da sauran halittun da ke cikinsa ne aka saka tafkin a jerin dausayi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2019.

Sai dai masuntan da na zanta da su ba zancen Ramsar suke yi ba. Wani dattijo da na tarar yana ɗinkin taru, na durƙusa na gaishe shi na ce, “Baba, ina kwana, ya sanyi?” Ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba. Da hira ta yi nisa sai ya nuna mini wani wuri da sandarsa, ya ce yana saurayi ruwan wurin yakan shanye mutum a tsaye, yanzu kuwa da rani yara ne ke tsallaka shi da ƙafa. Rairayi ne ke cike tafkin. Duk damina ruwa na kwaso ƙasa daga gonakin da aka sare itatuwansu ya zuba a ciki, zurfi na raguwa, kifi na ƙanƙancewa, masu kamun kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Akwai kuma batun madatsar ruwan Jibiya da Najeriya ta gina a kan gulbin shekara fiye da 30 da suka wuce. Tun daga lokacin yadda ruwa ke sauka zuwa kwarin Maraɗi ya sauya, kuma batun rabon ruwan na cikin abubuwan da hukumomin ƙasashen biyu suka sha tattaunawa a kai. Ga manomin fadama a nan, abin da ya sani shi ne rijiyar da mahaifinsa ya haƙa da gaba kaɗan, shi sai ya ƙara mata zurfi.

Waliyyai 99 da jerin jira na UNESCO

Abin da ya fi fitar da sunan Madarunfa a waje shi ne kaburburan da ke kewaye da tafkin. Mutanen garin sun yi imani cewa bayin Allah 99 ne ke kwance a wannan ƙasa. Wani yaro ya raka ni zuwa biyu daga ciki. Babu ƙubba, babu ado. Ɗan gini ne gajere da ya kewaye kabarin, ƙasa a share, ga inuwar itace, ga takalman maziyarta a bakin shiga.

Malamin da na samu zaune a wurin da carbi a hannu ya karɓe ni da fara'a. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, baƙo ne daga birni.” Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. A bayanin da ya yi mini, ba dukkan kaburburan ne aka gano ba, kuma a ruwayar da suka gada daga iyaye, wani haske ne kan bayyana da dare ya nuna inda waliyyi yake. Ya ce maziyarta na zuwa daga sassan Nijar da Arewacin Najeriya, musamman a watan Mauludi, wasu don addu'a, wasu don neman tabarruki, wasu kuma don su ga wurin da suka daɗe suna jin labari.

Ba kowa ne ya yarda da wannan ziyara ba. Maraɗi na cikin garuruwan da ƙungiyar Izala ta fi ƙarfi a Nijar, kuma malamanta na ganin neman tabarruki a kabari ba shi da tushe a addini, yayin da mabiya ɗariƙu ke ganin girmama bayin Allah ne. Abokina da ya sauke ni ba ya zuwa wurin, mahaifiyarsa kuwa ba ta fashin zuwa duk shekara, kuma a tukunya ɗaya suke cin tuwo.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa sunan tafkin da dajin gwamnati da ke kusa da shi da kuma kaburburan 99 a jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Har yau suna nan a jerin jira. Tsohon birnin Agadas ya samu shiga a 2013, ya bi sahun yankin Ayar da Tenere da gandun dajin W. Shiga wannan jeri na buƙatar a shata iyakar wuri, a rubuta tarihinsa, a nuna tsarin kula da shi. Aiki ne na masana da hukuma da masu gari, kuma yana cin kuɗi da lokaci. Kafin a kai ga haka, rairayi na ci gaba da nasa aikin.

Jiratawa, garin zogale

Wajen ƙarfe tara na hau motar haya zuwa Maraɗi. Mu tara ne a motar da aka yi don mutum biyar, ga buhun barkono a kan cinyata, ga akuya ɗaure a but. Akuyar ja ce, irin wadda ake kira jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya saboda laushi da ƙarko. A ƙauyukan nan ita ce asusun mata: idan ciwo ya zo ko biki ya taso, ita ake kaiwa kasuwa.

Na sauka a Jiratawa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, tare da Gabi da Safo da Ɗan Isa da Sarkin Yamma da ita kanta Madarunfa. A nan akwai filin noman rani na zamani mai faɗin hekta fiye da 500, wanda ake shayarwa da ruwan rijiyoyin burtsatse ta hanyar magudanan siminti. Tun daga bakin hanya ido ke cin karo da kore shar, abin da ba a saba gani ba a wannan lokaci da gonakin tudu suka zama kara da ƙura.

Zogale shi ne sarki a Jiratawa. Ana shuka shi layi-layi kamar dawa, ana yankar ganyensa a kai a kai, mata na shanya shi suna cusawa a buhuna. Daga nan yake tafiya Maraɗi da Yamai da sauran garuruwa, inda ake kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli ko a zuba a dambu. Duk wanda ya ci kwaɗon zogale da azumi a Yamai, akwai yiwuwar daga wannan kwari ganyen ya fito.

Wani matashi da na tarar yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya ya shaida mini cewa ya yi shekara biyu yana aikin gini a Aljeriya kafin a kwaso su a mota a sauke su a bakin iyaka. Yanzu yana noma ɗan filin da mahaifinsa ya yanka masa. Kukansa biyu ne, tsadar taki da kuɗin wutar da ke tayar da injinan ruwa. Amma ya ce ko ba komai, a nan ba ya kwana da fargabar jin ƙarar motar 'yan sanda.

Ranar kasuwa a birnin Alhazai

Babbar kasuwar Maraɗi na ci kullum, amma Litinin da Juma'a su ne ranakunta. Tun daga nesa cunkoso ke sanar da kai: amalanken shanu, 'yan kabu-kabu, adaidaita, manyan motoci masu lambar Najeriya da na Nijar, kowa na neman hanya. A ƙidayar 2012 birnin na da mutum 267,249, kuma duk wanda ya ga yadda sababbin unguwanni suka miƙe ya san adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Na fara da layin 'yan hatsi. Gero da dawa da wake da aya da riɗi da gyaɗa, an tsiba su a tabarmi, ana awo da tiya. Daga nan na faɗa layin 'yan atamfa da shadda, na ɓulla wajen dukawa masu ɗinka takalma da jakunkuna da layu na jar fata, na wuce 'yan koli da masu kayan waya. Mai karatu da ya taso a Kano ko Katsina ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan, sai dai wajen lissafin kuɗi. A nan dala ɗaya sefa biyar ce, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Idan mai kaya ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Baƙi da yawa sun sha kunya a kan wannan.

'Yan canji na zaune a bakin hanya da damman naira da sefa, waya a kunne. Su ne ma'aunin lafiyar kasuwar. Duk abin da ya taɓa naira a Abuja, kafin la'asar an ji shi a Maraɗi.

Tarihin arzikin birnin ya faro ne daga gyaɗa. A zamanin mulkin Faransa kamfanonin Turawa sun buɗe kantuna a nan suna sayen gyaɗa ta hannun dillalai 'yan ƙasa, kuma daga cikin waɗannan dillalai ne manyan attajiran farko suka fito. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, hanyoyin kudu suka rikice, sai 'yan kasuwar Maraɗi suka samu sabuwar ƙofa. Bayan farin shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, sai suka koma fiton kaya: a sauke atamfa da taba sigari da shinkafa a tashar ruwan Kwatano ko Lome, a kawo su Maraɗi, daga nan su tsallaka Najeriya. Waɗannan attajirai ne ake kira Alhazan Maraɗi, har wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986.

Wannan dogaro da iyaka shi ne ƙarfin kasuwar, shi ne kuma rauninta. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS da ya biyo baya, aka sake garƙame hanyar Ɗan Isa zuwa Magamar Jibiya har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan kuma Najeriya ta cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, lissafin da aka saba da shi shekara da shekaru ya birkice.

Wani mai sayar da atamfa da na zauna a shagonsa ya miƙo mini ruwan leda ya ce in huta. Na ce, “Alhaji, ya kasuwa?” Ya yi dariya ya ce kasuwa alhamdulillahi, sannan ya shiga lissafo mini yaran shagon da ya sallama a lokacin rufe iyaka da bashin da har yanzu bai gama karɓowa daga abokan cinikinsa na Katsina ba. Ya ce matarsa 'yar Jibiya ce, kuma a watannin nan ko gaisuwar mutuwa sai ta ɓarauniyar hanya a kan babur.

Abin da 'yan kasuwar ke sa wa ido yanzu shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, aka bai wa kamfanin Mota-Engil. Zai biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wasu na ganin zai rage kuɗin dako da yawan shingayen hanya, direbobin manyan motoci kuma na tunanin makomar sana'arsu.

Kafin in bar kasuwar na sha fura da nono mai sanyi a hannun wata Bafulatana, na sayi ƙunshin kilishi na tsaraba. Ladanai sun fara kiran farko.

A ƙofar fada

Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi na fuskantar wani babban fili, kusa da masallacin da ke ɗauke da sunan Ɗan Kasawa. Fuskar ginin an ƙawata ta da zanen Hausa masu launi, ga zankwaye a sama, ga dogarai cikin jajayen riguna da rawuna suna kai da kawo. Da yake Juma'a ce, filin ya cika da masallata da mabarata da yara masu tallar turare da asuwaki. Can sai algaita ta ɗauka, maroƙa suka ɗaga murya, mutane suka dare, aka fito da Sarki zuwa masallaci.

Bayan an sauko na koma ƙofar fada. Na cire takalmi, na gaida dogarin da ke bakin zaure, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya haɗa ni da wani dattijo daga cikin fadawa, muka zauna a inuwa. Tambayar da na fara yi masa ita ce wadda baƙi da yawa ke yi: me ya sa ake cewa Sarkin Katsina alhali ga Katsina can a Najeriya, kilomita kusan 90 daga nan?

Amsar tana cikin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804. A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Haɓe Magajin Haladu ya fice da jama'arsa, ya rasu a Ɗankama. Wanda ya gaje shi, Ɗan Kasawa, ya nemi mafaka a ƙasar Damagaram, ya zauna shekaru. A lokacin Maraɗi ƙaramin gari ne a arewacin ƙasar Katsina, a bakin gulbi mai duhuwar itatuwa. Da mutanen yankin suka yi wa wakilin sabuwar gwamnati tawaye, sai suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo, ya kafa gadon sarautarsa a nan wajajen 1819. Bai ɗauki kansa Sarkin Maraɗi ba. A wurinsa shi ne Sarkin Katsina, zaman Maraɗi kuma na ɗan lokaci ne kafin a koma gida.

Ba a koma ba, amma an yi ta gwadawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali suka rasu. Bayan wannan ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, 'yan kilomitoci arewa maso yamma da Maraɗi, inda fadar Sarkin Gobir take har yau. Ɗan Mari ya ci gaba da gwagwarmaya, daga baya Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara 20 a kan gado, ya riƙa kai hari har ƙofofin Katsina. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ba da labarin yadda dajin da ke tsakani ya zama abin tsoro ga fatake saboda wannan gaba. A ƙarshen ƙarnin rikicin cikin gida, musamman zamanin Ƙaura Hasau, ya raba gidan sarautar har wani reshe ya koma Tasawa. Daga nan Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka ja layi a takarda, Katsina ta faɗa ɓangare ɗaya, Maraɗi ta faɗa ɗayan.

Dattijon ya ce abin da suka fito da shi daga Katsina ba su yar ba. Har yanzu akwai Galadima da Ƙaura da 'Yanɗaka da Durɓi, manyan 'yan majalisar da tun asali ke da bakin magana wajen naɗin sarki. Akwai kuma sarautar Iya, babbar mace a gidan sarauta wadda a da take shugabantar mata da harkar bori, takwarar Inna ta Gobir. Masana tarihi da ke son sanin yadda sarautar Hausa take kafin jihadi sukan zo Maraɗi da Tsibiri saboda wannan dalili. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta ɗaga darajar masarautun Katsinan Maraɗi da Gobir da Dosso zuwa matsayin sultan, daidai da Agadas da Damagaram.

Wanda ya zo neman ganuwa da ginin ƙarni na 19 ba zai same su a nan ba. Tsohon garin yana can ƙasa ne a cikin kwari, kuma ambaliyar 1945 ta cinye shi. Bayanta ne aka hau da gari kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da 'Yanɗaka da Limanci suka tashi da sunayensu na da. Fadar da ake gani yau ta wannan sabon zama ce. Ruwa bai daina yi wa birnin barazana ba, domin a daminar 2024 ma mamakon ruwa ya rushe gidaje ya ci rayuka a Maraɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin abin da na ji a zauren nan yana cikin kan dattawa ne da bakin makaɗa. A filin fada na tambayi wasu samari uku 'yan makarantar sakandare ko wane ne Ɗan Kasawa. Biyu suka nuna mini masallaci. Na ukun ya ce sarki ne, amma bai san daga ina ya zo ba. Ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin gari, ga wayoyi masu naɗar murya a aljihun kowa. Duk dattijon da ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, an yi asarar da ba a mayarwa.

Komawa kafin duhu

Ƙarfe huɗu da rabi abokina ya bugo waya ya ce in kama hanya. Ba wasa yake yi ba. Gundumar Madarunfa na iyaka da Katsina da Zamfara, kuma shekarun nan ƙauyukan da ke bakin iyaka, musamman wajen Gabi da Ɗan Isa da kewayen dajin Baban Rafi, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako Jihar Maraɗi. Sojojin Nijar na gudanar da aikin da suka kira Farautar Bushiya a yankin, kuma a hanya mun tsaya a shingen jami'an tsaro an duba takardunmu.

A cikin mota na tuna da abin da Barth ya rubuta game da dajin da fatake ke tsoro. Shekara fiye da 170 ke nan, ga shi mutanen wannan yanki na sake duba rana kafin su kama hanya. Direbanmu ya ce da rana babu abin da ke hana shi zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Madarunfa, amma ƙauyukan can ciki ba ya shiga da yamma ko nawa za a ba shi.

Ga mai son yin wannan tafiya, ga abin da na koya. A zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da tafki ke da ruwa, tsuntsaye sun sauka, zafi kuma bai taso ba. A zaɓi Litinin ko Juma'a saboda kasuwa. A riƙe katin shaida. A nemi ɗan gari ya yi rakiya, a tambayi halin da hanya ke ciki kafin a tashi. A kaburbura da fada a cire takalmi, a yi shiga ta mutunci, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an nemi izini. Wanda ke da sauran lokaci ya ƙara da Tsibiri ya ga fadar Gobir.

Mun shiga Madarunfa rana na gab da faɗuwa. Na sauka na sake gangarawa bakin ruwa. Dattijon da na bari da safe ya gama ɗinkin tarunsa, jikansa na taya shi ɗora shi a kwale-kwale don kamun dare. Ya tambaye ni ko na ga Sarki, na ce na gan shi daga nesa. Ya ce to madalla, in na koma birni in faɗa wa manya a zo a yashe musu tafki.